Masu shuka a buhu, ga maganar ƙasar gawayi

Assalamu alaikum jama'ar Katsina, musamman iyayenmu mata da matasa masu shuka tumatir da attaruhu da alayyahu cikin buhu ko tsohon bokiti a tsakar gida. Kwanan nan ana ta tambayata a matsayina na malamin gona, wai ƙasar shukar nan mai gawayi da ake tallatawa a leda, wadda ake cewa babu fit a cikinta, tana da kyau kuwa ko asarar kuɗi ce?

Shi fit ruɓaɓɓen gansakuka ne da ake haƙowa a fadamun ƙasashen sanyi irin su Ayalan da Finlan da Kanada, kuma a shekara kusan milimita 1 kawai yake ƙaruwa, shi yasa a 2022 gwamnatin Ingila ta sanar da shirin hana sayar da shi ga masu lambun gida. Mu dama ba mu da shi, to rashinsa a leda bai rage mu da komai ba. Gawayin shi ne abin dubawa.

Abinda nake so kowa ya riƙe, gawayi ba taki bane. Cikinsa duk ƙananan ramuka ne kamar soso, yana riƙe ruwa yana riƙe abincin shuka, wanda kuwa ya san ƙasarmu ta jigawa ya san yadda kake ban ruwa da safe kafin azahar buhu ya bushe ƙayau, balle a watan Afrilu. Nan ne amfaninsa yake. Amma in ka zuba shi haka nan ɗanye bai sha komai ba to abincin da ke cikin ƙasar zai fara zuƙewa, sai ka ga ganye ya yi rawaya shuka ta tsaya cak, kana ta zargin mai iri alhali ba laifinsa bane. Na ga haka a wani gida, Hajiya ta cika rabin buhu da gawayin girki ta dasa tumatir, dashen ya tsaya iya tsawon yatsa ganyen ƙasa duk sun ƙone, wallahi abin ya ba ni tausayi saboda ruwan ma saye take a wajen ƴan garuwa.

In za ki haɗa da kanki, samo karan dawa ko na gero ko totuwar masara ko ɓawon gyaɗa, a ƙona a rami ko tsohon duro ba tare da iska ta shiga sosai ba, da ya yi baƙi a kashe da ruwa kafin ya koma toka, don toka daban gawayi daban. Don Allah kar a sare itace saboda wannan, hamada ta ishe mu haka. A daka shi da danshinsa, ƙurarsa na cutar da huhu, kuma ƙonawar a waje ake yi ba a ɗaki ba. Sannan a cakuɗa da ruɓaɓɓen kashin awaki ko na shanu a yayyafa ruwa a rufe kamar sati 2 zuwa 4. Wajen cika buhu gawayi kashi 1 cikin 10 ya isa, in ya yi yawa 2, saura ƙasa da taki. Kar a manta a huda gindin buhun.

Ta leda kuma kar ka sayi da yawa tashin farko. Ɗauki kaɗan ka shinshina, ƙamshin ƙasa ya kamata ka ji, in wari ne ko tsami ka bar ta. Jiƙa ka damƙa a hannu, ta dunƙule amma da ka taɓa ta warware. Wasu suna haɗawa da zaren ɓawon kwakwa, shi kuma wani lokaci yana zuwa da gishiri, sai an wanke. Daga nan samo gwangwani biyu, ɗaya ƙasar leda ɗaya taka ta gida, zuba irin alayyahu daidai wa daida, ruwa ɗaya inuwa ɗaya, cikin sati 2 za ka ga wanne ya fi tsirowa wanne ya fi kore, kuma wanne ke kai yamma da danshi. Wanda gwajinsa ya ba shi matsala ya ɗauki hoton ganyen sama da ƙasa ya kai wa malamin gonar yankinsu tare da ɗan samfurin ƙasar a leda.