Ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar wake: cuta ko taki?

An daɗe ana cewa duk bakteriyar da ke cikin ƙasa cuta ce, har wasu manoma in sun tuge wake ko gyaɗa suka ga ƙananan ƙulle-ƙulle a saiwa sai su ɗauka shukar ta kamu. Ba laifinsu ba ne, tun muna yara ake haɗa mana sunan bakteriya da ciwo.

Ƙulle-ƙullen nan gidajen wata bakteriya ce mai suna Rizobiyam. Kusan kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, sinadarin da shuka ke buƙata don girma, amma ba ta iya ɗaukarsa kai tsaye daga iska. Bakteriyar ce ke kama shi ta mayar da shi abin da shuka ke amfani da shi, ita kuma shukar ta ciyar da ita da sukarin da ganye ya haɗa. Shi ya sa hatsin da ya biyo bayan wake yakan yi kyau, musamman in an bar ganye da saiwa sun ruɓe a gonar. Yawan takin yuriya kuwa yakan rage wannan aiki na bakteriyar.

Gwadawa ba wuya. In wake ya fara fure, tona guda a hankali, wanke saiwar, ka tsaga ƙulli da farce. In cikinsa ja-ja ne, yana aiki. Ƙullin kirki a gefen saiwa yake, yatsa na ɓalle shi. Wanda ƙananan tsutsotsin ƙasa ke haddasawa, saiwar ce kanta ke kumbura, ba ya ɓallewa. Wannan kam cuta ce.

Don Allah ku tura wa manoman da kuka sani.