Poka ta intanet: manhaja ta maƙale, dare ya tafi, ga amsoshin

Tambayoyin nan dai su masu wasan katin poka ta intanet suke ta maimaitawa, yau wannan gobe wancan, kamar ba a taɓa amsa su ba. Ga su a wuri ɗaya. Rabin abin da ake kira matsalar manhaja ba laifin manhaja ba ne. Mutum ne ya zauna bai shirya ba, ko ya shiga gasar da bai san ƙarfe nawa za ta tashi ba.

Manhajar ta ƙi buɗewa bayan ta sabunta kanta. Me zan yi?

Rufe ta daga Task Manager, kashe kwamfutar ka kunna. In ta ƙi, cire ta ka sake saukewa daga shafin kamfanin. Kafin ka cire, kwafe jakar tarihin hannayenka, wato bayanin kowane rabon kati da ka buga, da bayanan da ka rubuta kan abokan wasa, don a wasu manhajojin cikin kwamfutarka suke zaune, ba a sabar kamfanin ba. Daga yau ka riƙa buɗe ta minti 20 kafin lokacin wasa. Sabuntawa ba ta sallama, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Sau biyu aka cinye ni ina riƙe da As biyu, katin da ya fi kowanne girma, a dare ɗaya. Ba murɗe rabon ake yi ba?

As biyu na cin Sarki biyu kusan kashi 82 cikin 100, wato sau ɗaya cikin biyar za ka sha kaye. Ana raba maka As biyu sau ɗaya a hannu 221. A teburin zahiri da ake yin hannu 30 a awa, sai ka yi awa bakwai kafin ka gan su. A intanet, da teburi huɗu, kana ganin su kusan kowace awa. Kayen ya ƙaru ne don rabon ya ƙaru. Mu wuce.

Wane ƙarfin intanet nake bukata?

Kaɗan. Poka ba bidiyo ba ce, 'yan lambobi take turawa. Layi mai rauni wanda ba ya yankewa ya fi mai gudu da ke numfashi. Sa waya daga na'urar rarraba intanet zuwa kwamfuta, ka ƙyale Wi-Fi.

Intanet ya yanke ina tsakiyar gasa. In jira ya dawo, ko in koma wayata?

To, wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna. Amsarta ta dogara da abin da ya yanke, da yawan cips ɗinka, wato kwabban wasan da ke gabanka, da kuma shafin da kake wasa, don ba duka suke da ƙa'ida ɗaya ba.

Fara da sanin abin da ke faruwa a teburin yayin da kai kake kallon allo a daskare. Agogonka na yau da kullum, wato lokacin da ake ba ka ka yanke shawara, yana tafiya. In ya ƙare, sai ajiyar lokacinka, ƙarin daƙiƙoƙin da aka tanadar maka, ta fara ci. Wasu shafukan na ƙara wa wanda layinsa ya yanke 'yan daƙiƙoƙi, wasu kuma suna ƙara su ne gwargwadon girman tukunya, wato jimillar abin da aka zuba a hannun, ko matakin gasar. In duk sun ƙare, manhajar za ta wuce da kai idan babu wanda ya zuba, ta yar maka da kati idan an zuba, ko da mafi kyawun hannu ne a duniya. Daga nan a ɗauke ka a matsayin wanda ya tashi. A teburin kuɗi kai tsaye, wanda ba gasa ba, asararka ta tsaya a abin da ka riga ka zuba a tukunyar nan. A gasa kuwa ana ci gaba da cire maka zubin dole, ƙarami da babba da ake biya bi da bi kafin a raba kati, kana nan ko ba ka nan. Teburin mutum tara da ake biyan ƙaramin zubin kowa da kowa yana cin kusan babban zubi biyu da rabi a kowane zagaye, zagayen kuma ba ya kai minti goma. Mai cips da suka kai babban zubi 60 zai iya ɓacewa kwata na awa ya dawo ya tarar da kujerarsa da ɗumi. Mai 10 ba shi da wannan alfarmar, musamman a gasa mai sauri da zubin dole ke hawa duk minti biyar.

Sai kuma gano inda cutar take, abin da mutane ba sa yi sai zagin kamfani. Tun kafin ka fara wasa buɗe tagogi biyu na Command Prompt. A ɗaya rubuta ping -t da adireshin na'urar rarraba intanet ɗinka, galibi 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1. A ɗayan rubuta ping -t 8.8.8.8, adireshin da ke wajen gidanka, don ka ga ko intanet na amsawa. Ka bar su a gefen allo suna gudu. Idan teburi ya daskare, kalle su. Na farko ya daina amsawa, matsalar tana cikin ɗakinka, Wi-Fi ce ko waya ko wutar na'urar. Na farko yana amsawa na biyu ya yi shiru, kamfanin da ke ba ka intanet ne, kuma jira ba lallai ya yi amfani ba. Duka biyun suna amsawa amma teburin bai motsa ba, to mai yiwuwa sabar shafin ce, mai yiwuwa kuma hanyar da ke tsakaninka da ita ce kaɗai ta toshe. Idan sabar ce, kowa ya tsaya tare da kai, galibi akan dakatar da gasar, in ta ƙi gyaruwa a soke ta a raba kuɗin bisa ƙa'idar da shafin ya rubuta, wadda yawanci tana la'akari da yawan cips ɗin kowa. Idan hanyarka ce kaɗai, ana can ana cin zubinka. Daga inda kake zaune biyun kama ɗaya suke, shi ya sa ya fi ka gwada layi na biyu maimakon ka yi ta hasashe.

Layi na biyu shi ne wayarka, da sharaɗin datarta ba ta kamfani ɗaya da na gidan ba ce. Mataki na farko, haɗa ta da kwamfutar ta kebul ɗin USB ka ba kwamfutar intanet daga gare ta. Hakan ya fi, don teburanka duka suna nan a babban allo, wayar kuma tana caji. Mataki na biyu, idan kwamfutar ce da kanta ta mutu, shiga ta manhajar waya. Ka san cewa shigarka ta waya yawanci tana fitar da kai daga kwamfuta, kuma wayar ba ta nuna teburi da yawa. In kana da takwas, zaɓi waɗanda suka yi nisa ka bar sauran. Duk wannan ba ya aiki sai idan ka riga ka sauke manhajar wayar, ka sabunta ta, ka shiga sau ɗaya a ranar. Mutum ya tsaya neman kalmar sirri da lambar tantancewa cips ɗinsa na narkewa, wannan ba ƙaddara ba ce.

Daƙiƙa nawa za ka jira? Babu lamba ɗaya. Idan kana cikin babbar tukunya ko cips ɗinka sun yi ƙasa, daƙiƙa 10 zuwa 15 sun isa, sauya layi. Idan kana da yalwa kuma ba ka cikin hannu, ba wa manhajar rabin minti, don sau da yawa tana dawowa da kanta, kuma sauya layi shi ma yana cin lokaci. A ƙasashen da doka ta tilasta a tabbatar da inda ɗan wasa yake zaune, sauya layi na iya jawo sabon binciken wuri, wanda zai ƙara jinkiri. Gwada wannan a ranar da ba ka da komai a teburi.

In ka dawo, danna maɓallin dawowa a kowane teburi ɗaya bayan ɗaya. Akwai masu dawowa su zauna suna kallo ana yar musu da kati, sun manta har yanzu a tashe suke. Game da mayar da kuɗi kuwa, kada ka sa rai idan matsalar daga wajenka take. Idan daga wajen shafin take, ɗauki hoton allo, rubuta lambar gasar da lokacin, ka tura wa masu kula da abokan hulɗa ba tare da ashar ba.

Me ke yanke layin tun farko?

Windows na sauke sabuntawa a ɓoye. Dakatar da ita, ana iya yin hakan har mako biyar, ko ka saita sa'o'in aikinka don kada ta kashe kwamfutar da kanta. OneDrive ko makamancinta na tura fayiloli har ta cika layin. Katin Wi-Fi na barci don tanadin batir, a Device Manager ake hana shi. Kuma laftof tana da batir, na'urar rarraba intanet ba ta da shi, sai ka sa mata nata.

Allon alƙaluman abokan wasa da ke fitowa a kan teburi, wato HUD, ya ƙi fitowa.

Bi su a jere. Shin shafin ya yarda da shi ma? GGPoker ba ta yarda da na waje ba, tana da nata. partypoker ta hana a 2019. Idan shafinka ya yarda, duba ko manhajar wasan tana ajiye tarihin hannu, kuma da Turanci take ajiyewa, don da wani harshe manhajojin HUD irin su PokerTracker 4 da Hold'em Manager 3 ba za su karanta ba. Duba ko jakar da take zubawa ita ce jakar da suke kallo. Jira hannu ɗaya ya kammala, ba ya fitowa kafin nan. Idan lambobin sun sauka a kan kujerar wani, saitin kujerar da ka fi so ne bai dace a manhajojin biyu ba. Idan sun karkace, girman rubutun Windows ne, mayar da shi 100. Idan PokerTracker 4 ta ce ba ta ga rumbun bayanai ba, PostgreSQL, manhajar rumbun, ce ta tsaya, tayar da ita daga Services na Windows. Idan jiya yana aiki yau ya ƙi bayan shafin ya sabunta, tsarin rubutun tarihin ne ya sauya. Sabunta manhajar HUD ɗinka, ka yi haƙuri kwana ɗaya ko biyu. Za ka rayu babu shi.

Teburi nawa ya kamata in buɗe?

Ƙasa da wanda kake buɗewa yanzu. Teburin mutum shida na yin hannu kusan 75 a awa. Huɗu sun ba ka 300, wato daƙiƙa 12 ga kowane hannu. Takwas, daƙiƙa 6. Teburin sauri irin Zoom na PokerStars ɗaya tak yana haura 200. PokerStars da kanta ta rage teburan kuɗi kai tsaye daga 24 zuwa 4 a 2019. Ma'aunin mai sauƙi ne: idan ajiyar lokacinka na ƙarewa a hannayen da ba su da wuya, ko ka kasa faɗin wanda ya fara ƙari a hannun da kake ciki, rufe biyu. Taura biyu ba ta taunuwa, balle kana wasa kana kallon ƙwallo.

Na danna tura duka cips ɗina bisa kuskure. Masu shafin za su gyara?

Ba za su gyara ba. Yawanci wani teburi ne ya tsallako gaba daidai lokacin da kake dannawa. Kashe saitin tsallakowa, shimfiɗa teburan gefe da gefe kada su hau juna, kunna kati mai launi huɗu, ka ɗauke linzami daga kan maɓalli in ba dannawa za ka yi ba.

Gasar da na shiga da yamma ta kai ni wayewar gari, ga aiki.

Wa ya aike ka? Tsawon gasa ba sirri ba ne. Kafin ka yi rajista duba tsawon matakanta, ka nemo irinta ta makon jiya ka ga ƙarfe nawa ta tashi. Mai matakin minti 10 zuwa 15 da dubban mutane tana iya cin awa takwas ko fiye, wasu ma sai an kwana a dawo washegari. Abin haushin shi ne babban kuɗin yana teburin ƙarshe, daidai lokacin da idonka ke rufewa. Saboda haka lissafa daga baya: sa'ar da kake so ka kwanta, cire tsawon gasar, abin da ya rage shi ne sa'ar rufe rajistarka. Bayan ta, ko kyauta ce kada ka shiga. Mai awa biyu kacal ya tsaya a teburin kuɗi kai tsaye ko ƙananan gasa masu teburi ɗaya. Shiga a makare yana rage maka awa ɗaya ko biyu, amma za ka zauna da ƙarancin zubi. Hutun minti biyar da yawancin shafuka ke bayarwa a minti na 55 na kowace awa na tashi ne a miƙe ƙafa, a sha ruwa, a zaga. Ba na buɗe sabuwar gasa ba ne.

Na ce awa biyu zan yi, sai na tarar na yi shida ina neman ramuwa.

Wannan ba matsalar manhaja ba ce, kuma ka sani. Sa ƙararrawa a nesa da kujerarka, ka yanke iyakar asara tun kafin ka zauna. Idan sau da yawa kana ƙetare iyakar da ka sa wa kanka, ko ka fara taɓa kuɗin da ba na wasa ba, shafukan da ke da lasisi suna da saitin iyakar zuba kuɗi, da na hutun dole, da na rufe asusu na wani lokaci. Kunna su yau. Babu abin kunya a ciki, don irinka aka yi su.

Na ci riba a hannu 10,000. Na iya ke nan?

Tukuna. A teburin mutum shida, sakamakon hannu 10,000 yana iya kauce wa ainihin iyawarka da kusan babban zubi 9 a kowane hannu 100, sama ko ƙasa. A 100,000 ne yake saukowa wajen 3. Dawo lokacin.

Zan iya barin manhajojin lissafin dabarun wasa irin GTO Wizard ko PioSOLVER a buɗe ina wasa?

A'a. Rufe su kafin ka buɗe manhajar wasa. Haka TeamViewer da AnyDesk, masu ba wani damar sarrafa kwamfutarka daga nesa.

VPN fa?

Don ɓoye ƙasar da kake? Masu shafin za su bar ka ka zuba kuɗi, ranar cirewa su nemi takardu, asusun ya daskare.

Abokina zai iya riƙe min teburin in je in dawo?

A'a. Asusun mutum ɗaya ne, kuma masu shafin suna gani idan mai wasan ya sauya. Danna tashi, a ci zubinka, ka dawo.