Waiwaye: Daga zauren jauro zuwa ɗakin taron gari

A ƙauyuka da dama tsakanin Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, akwai ɗakin taro na bulo da kwano, a jikin bangonsa da allon siminti mai ɗauke da kwanan wata da sunan babban da ya aza harsashi. Rubutun da Faransanci yake, alhali dattawan da suka ɗebo yashin ginin ajami suka iya. Kwanan watan nan ranar alkawari ce, ba ranar buɗe ƙofa ba.

Da can babu irin wannan gini. Tun bayan jihadin Modibbo Adama na 1809, shawarar gari a ƙofar mai mulki ake yanke ta: lamido a fadarsa, lawan da jauro, wato dagaci da mai ƙauye, a zaurukansu, fatake da mahauta a zauren sarkin Hausawa. Zauren tubali ne da jinka, da gayya ake tayar da shi, babu bikin aza komai. Jamusawa sun ci Garwa a 1901, Faransawa suka gaje su a 1916, zaure bai gusa ba. Dokar 1977 ma kasa sarautun ta yi mataki uku, ta mai da masu su mataimakan hukuma.

Canjin ya kankama da dokar 'yancin kafa ƙungiyoyi ta Disambar 1990. 'Ya'yan gari masu aiki a Yawunde da Duwala suka yawaita kwamitocin raya gari, suna neman wurin da ba gidan kowa ba. Suna da hujja: a zauren jauro saurayi takalmi yake cirewa ya durƙusa, mace kuwa sai dai ta aiko da saƙo. Aka riƙa gayyato sufurefe, wato jami'in gwamnati mai kula da yankin, wurin aza harsashin ɗakin taro, a busa algaita, a miƙa masa cokalin magini, a yi karo-karo a bainar jama'a, wani ya ambaci kuɗin da shi kansa ya san ba shi da su.

Sai Janairun 1994 ta zo, aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Siminti akwai shi a garin Figil, inda ake yin sa, amma kwano da rodi suka yi tashin gwauron zabi. Gine-gine da yawa suka tsaya a kan taga, awaki suka tare. Bayan 2004, da kuɗin ayyuka ya fara biyowa ta hannun magajin gari, azuzuwa da rijiyoyin burtsatse aka sa a gaba. Inda aka samu aka yi rufi, nan ake rigakafi da taron manoman auduga. Rikicin gona da na aure kuwa har gobe zauren jauro ake kai su.