Waiwaye: Yadda acaba ta cika Legas, da yadda ake ta korarta

Duk sanda labari ya fito cewa an kwashe mashina a Legas an kai an murƙushe, za ka ji 'yan uwanmu a Agege da Idi-Araba da Alaba Rago suna cewa ai don 'yan Arewa ne ke sana'ar shi ya sa ake musu haka, su kuma 'yan gari suna cewa ku kuka lalata mana titi. Kowanne akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, amma matsalar ta girmi wannan musun, don an shuka ta tun ba a haifi yawancin yaran da ke jan okada, wato acaba, yau ba.

A 1983 gwamnatin gwamnan Legas Lateef Jakande ta fara aikin jirgin ƙasa na cikin gari, Metroline, wanda aka tsara zai taso daga Marina har Agege. Ƙarshen shekarar sojoji suka karɓe mulki, a 1985 gwamnatin Janar Buhari ta soke aikin. To daga nan fa gari ya ci gaba da cika babu abin ɗaukar jama'a sai motocin haya na molue da danfo. An buɗe gadar Third Mainland a 1990, kusan kilomita 12, amma gada ai ta mai mota ce. An maida babban birni Abuja a 1991, mutane ba su ragu ba, ƙaruwa ma suka yi, ga Naira ta faɗi tun zamanin SAP, shirin gyaran tattalin arziki na mulkin soja, sabuwar bas ta gagari masu sufuri, ga unguwanni sun miƙe can ciki inda babu kwalta, ga gosulo wanda mutum zai bar gida da asuba ya isa wurin aiki rana ta take. Wannan ramin ne mashin ya shigo ya cike, daga baya Keke Marwa mai ƙafa uku ya biyo a zamanin gwamnan soja Buba Marwa, tsakanin 1996 da 1999.

Yadda aka yi namu suka yi yawa a sana'ar kuwa, wannan daga gida abin ya taso, kuma nan ne ba a cika son a tsaya a kai ba. An hana acaba a tsakiyar Abuja a 2006. Maiduguri ta hana a 2011 saboda Boko Haram. Kano ta hana a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero. Dubban matasa da ba su iya komai ba sai jan mashin aka wayi gari ba su da hanyar abinci, sai kuma 'yan bindiga suka zo suka hana noma a Zamfara da Katsina da Sakkwato. Ina za su? Yaro ya sayar da ɗan abin da ya rage, ko wani ya ba shi mashin yana biyan balas, ya ɗora a tirelar shanu ko ta albasa sai Ikko, bai san hanya ba, bai jin Yarabanci bai jin Turanci, lasisi kuwa babu ma zancensa, kwana a masallaci ko a gindin gada ko a kan mashin ɗin. A Agustan 2019 an tare wata babbar mota da ta taso daga Jigawa da mutum 123 da mashina 48, aka tsare su, aka bincika ba a samu komai ba aka sake su. Wallahi hotunan nan har yau suna min ciwo, don neman halak kawai ya fito da su.

Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, laifinmu ma yana nan. Bin wanwe, tsallake danja, ɗaukar mutum biyu har uku, shiga gaban tirela, da kuma wannan ɗabi'ar ta in aka taɓa ɗaya sai a taru a far wa direba ba a tambayi wa ke da gaskiya ba. Da hukumar kiyaye haɗurra ta tilasta hular kwano a farkon 2009 har ƙwarya wasu suka riƙa kifawa a ka. Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya asibitin ƙashi na Igbobi ya san ba ƙarya gwamnati ke yi ba in ta ce mashin na karya mutane, kuma da yawan masu kwance a gadajen nan namu ne.

Dokokin sun zo ne daki-daki. Gwamna Fashola ya sa hannu a dokar hanya ta 2012 wadda ta hana okada bin tituna 475. Ranar 1 ga Fabrairun 2020 Gwamna Sanwo-Olu ya hana okada da keke a ƙananan hukumomi shida da manyan tituna da gadoji, har kamfanoni irin su Gokada da suke ba direbobinsu horo da hula abin bai bar su ba, mutane suka riƙa taka sayyada mai nisa zuwa aiki. Sannu a hankali mashina suka dawo. Sai Mayun 2022 aka kashe wani matashi mai aikin sauti a Lekki bayan rigima da 'yan okada kan kuɗin haya, gari ya ɗau zafi, 1 ga Yuni aka hana kwata-kwata a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, a Satumba aka ƙara Mushin, Oshodi-Isolo, Somolu da Kosofe. Direba da fasinja duk ana iya gurfanar da su, kuma a farkon watan Yunin kaɗai an niƙe mashina sama da 2,000.

Abin da ke damuna shi ne kullum hani ke riga madadi isowa. BRT, manyan bas masu layinsu na daban a kan titi, ta fara a Maris 2008 daga Mile 12 zuwa CMS, ta taimaka sosai. Jirgin Blue Line daga Marina zuwa Mile 2 sai Satumbar 2023 ya fara ɗaukar fasinja, shekara 40 bayan Jakande. Red Line daga Agbado zuwa Oyingbo, wanda ya ratsa ta Agege, ya fara a Oktoban 2024, kuma aiki ne mai kyau, Allah ya sa a ɗore. To amma jirgi a tasha yake sauke ka, matar da ta ɗauko kaya daga kasuwa za ta shiga lungu mai laka da dare wa zai kai ta ƙofar gida? Ƙananan bas ɗin da aka kawo a 2021 don shiga unguwanni ba su isa ko'ina ba.

Kuma haɗarin titin Legas bai tsaya a mashin ba. Tankar mai ta kama da wuta a gadar Otedola a Yunin 2018 ta ƙone motoci sama da 50. A Janairun 2023 kwantena ta faɗo kan bas a Ojuelegba mutum tara suka rasu, a Maris ɗin shekarar jirgin ƙasa ya buge bas ɗin ma'aikatan gwamnati a Ikeja. Har gobe kana ganin kwantena ba a ɗaure ba tana tangaɗi daga Apapa.

Yanzu dai 'yan acaba sun koma gefe, Agege, Alimosho, Ojo, Ikorodu da bakin iyakar Ogun, an cunkushe wuri ɗaya fasinja ya yi kaɗan, ga mai ya yi tsada tun cire tallafi a 2023, ga tikitin 'yan tasha da safe da yamma ko ka samu ko ba ka samu ba. Ni abin da nake so in gani shi ne sarakunan Hausawa da shugabannin 'yan mashin su zauna da gwamnati a yi wa kowa rajista da lamba, a koya wa sabon zuwa dokar hanya da Hausa kafin ya hau titi, a faɗa masa ƙarara inda aka hana don kar ya rasa jarinsa a satin farko. Gwamnonin Arewa kuma da yaransu ne ke cika tirelolin nan, ya kamata a ce da su za a yi zaman.