Daga Helen zuwa tsakar gida: waiwaye kan rigimar rawa a fim

Duk sanda aka ɗora bidiyon wata jaruma tana rawa sai gari ya ɗau zafi, daga majalisun Ƙofar Ƙaura har Facebook. Wannan ya ce TikTok ne, wancan ya ce 'yan fim ne suka ɓata tarbiyya, sai ka rantse jiya aka fara. Alhali zancen ya girmi yawancin masu yin sa.

Farkon labarin kowa ya haddace shi. Tun shekarun 1950 'yan kasuwa 'yan Lebanon ke kawo finafinan Indiya gidajen silima na Arewa, Hausawa suka karɓa hannu bibbiyu, a 1990 kuma aka fara fim ɗin Hausa na bidiyo a Kano. To amma silimar da ta maza ce, matar aure ba ta taka ƙofarta.

Inda ake tsallakewa shi ne zamanin Helen, shahararriyar 'yar rawar finafinan Indiya. An haife ta a ƙasar Burma (Myanmar a yau) a 1938, Yaƙin Duniya na Biyu ya koro iyalinta suka isa Indiya a 1943, galibin tafiyar a ƙafa. Talauci ya raba ta da makaranta ta shiga rawa, ta yi suna a 1958, ta fito a ɗaruruwan finafinai. Abin lura shi ne matsayin da ake ba ta. Galibi ita ce 'yar gidan rawa ko budurwar bos, da gashin doki da kwalliyar fuka-fukai, sau da yawa ma ta mutu kafin a tashi. Jaruma kuwa tana gefe da sarinta da kunyarta, ko ta yi waƙa a lambu take yi. Wato fim ɗin da kansa ya ja layi, mai kallo ya san wadda zai yi koyi da ita.

Daga shekarun 1970 zuwa na 1980 layin nan ya goge. Jarumai mata suka karɓi rawar da kansu, aikin irin su Helen ya ja baya, ita ma ta yi aure a 1981 ta rage fitowa. Daidai lokacin ne talabijin da akwatin bidiyo suka fara shiga gidajenmu.

Na tuna gidanmu a Rafindadi. Da an yi isha'i sai a shimfiɗa tabarmi, a ɗauko kaset na haya, maƙwabta mata su cika tsakar gida da goyo a baya. Kakata in tsohon fim ne sai ta nuna mai rawa da bakin mafici ta ce, "Waccan 'yar bariki ce, ku bar kallonta." Ranar da aka sa sabo, ta ga wadda za a aura ce ke karkaɗa jiki a cikin ruwan sama, shiru ta yi tana juya goro a baki, can ta ce, "To yanzu wace ce ta kirkin?"

Yaran da ke kwance a tabarmin nan, waɗanda dandali da gaɗa suka fara kuɓuce musu, sa'o'insu ne suka girma suka riƙe kyamara da fiyano. Jarumar da suka buɗi ido suka gani mai rawa ce, ita suka rubuta.

Helen dai Indiya ta karrama ta da lambar yabo ta Padma Shri a 2009. Mu kuwa a majalisa har yanzu tambayar kakata ake ja-in-ja a kai, sai dai kaset ya koma waya.