Ma'anar "digital nomad": ci-rani a juye

Duk mai yawo a TikTok ko YouTube ya taɓa cin karo da hoton nan. Wani saurayi ko wata budurwa a ƙarƙashin rumfar kaba, kwamfutar tafi-da-gidanka a gaba, kofin gahawa a gefe, teku a baya, an rubuta "ofishina na yau". Irinsu ake kira "digital nomad" da Turanci. A taƙaice, mutum ne da aikinsa ke cikin kwamfuta, ana biyansa ta intanet daga wata ƙasa, shi kuwa yana zaune inda ya ga dama, wata uku nan, wata shida can. Akwai masu rubuta manhaja a cikinsu, akwai masu zane, masu fassara, masu koyar da Turanci ta bidiyo, da masu ɗan shago a intanet. Shi dai hoton bakin tekun a bar shi a matsayin talla. Wanda ya taɓa buɗe kwamfuta a tsakiyar rana ya san ko harafi ɗaya ba ya ganuwa, ga yashi yana shiga ko'ina.

Kalmar ta girmi yawancin masu amfani da ita. A 1997 wani injiniyan Japan na kamfanin Hitachi, Tsugio Makimoto, da wani ɗan jaridar Ingila, David Manners, suka fitar da littafi mai wannan suna, suna hasashen cewa na'urori za su ƙanƙance, sadarwa ta yi arha, har a daina ɗaure mutum a ofis. A lokacin abin ya yi kama da tatsuniya. Annobar korona ce ta mayar da shi ruwan dare a 2020, da kamfanoni suka ga aiki bai tsaya ba duk da ma'aikata suna gida. A shekarar ce Estoniya da Barbados suka fito da biza ta musamman domin irin waɗannan baƙi, wasu ƙasashe suka bi sahu.

In aka fassara ta kai tsaye, "nomad" makiyayi ne, sai a ce makiyayin intanet. Ba laifi, domin shi ma yana tashi ya bi inda ya fi masa ni'ima. Amma ni na fi ganin abin ta fuskar ci-rani. Ɗan ci-rani yakan bar ƙauyensu bayan girbi, ya nufi Kano ko Legas inda kuɗi yake, ya yi dako ko ga-ruwa, ya kwana a rumfar kasuwa, ya ƙuntata wa cikinsa, domin abin da ya tara ya yi auki idan ya koma gida da damina. Makiyayin intanet ya juya lissafin ne. Jikinsa ba ya zuwa inda kuɗin yake. Kuɗin ne ke biyo shi daga Landan ko Berlin ko New York zuwa garin da hayar ɗaki da abinci suke da rahusa. Albashin da ba zai ishe shi ɗaki ɗaya a Landan ba, a arewacin Tailan zai kama masa gida mai na'urar sanyaya ɗaki, har ya yi ajiya. Zuciyar kalmar ke nan: samu da kuɗi mai ƙarfi, kashewa da kuɗi mai rauni. In ka cire wannan, abin da ya rage yawon buɗe ido ne kawai.

Garin da ya fi shahara da wannan rayuwa shi ne Chiang Mai, a arewacin Tailan. Tsohon birni ne, Sarki Mangrai ya kafa shi a 1296 ya zama cibiyar daular Lanna, kuma har yau ana ganin ragowar ganuwa da ramin ruwan da ya kewaye tsohon garin. Babu teku ko kusa, sai duwatsu, dutsen Doi Suthep yana leƙo garin ta yamma. Baƙin sun fi taruwa a unguwar Nimman. Ka shiga shagon gahawa a can da hantsi, za ka tarar da shiru kamar ɗakin jarrabawa: kowa ya toshe kunne, ya kafa wa allo ido, kuma kujerar da ke kusa da soket ita ake fara kamewa. Akwai kuma ofisoshin haɗaka, inda mutum zai biya kuɗin yini ko na wata ya samu tebur, intanet mai gudu da ɗakin ganawa. Wuta ba ta wasa, intanet ba ya yankewa, kuma wanda ya san wahalar janareto ya san waɗannan biyun su ne jarin sana'ar.

Musulmi ma ba ya rasa abin ci. Kusa da kasuwar dare akwai masallacin Ban Haw, na zuriyar fataken Musulmi da suka gangaro daga lardin Yunnan na Sin da alfadarai. A layin masallacin ake sayar da khao soi na halal, wato taliyar ƙwai cikin romon kori da madarar kwakwa, da cinyar kaza ko naman sa, an barbaɗa soyayyar taliya a kai, ga albasa da lemon tsami a gefe.

Abin da hotuna ba sa nunawa shi ne agogo. Tailan tana gaban Najeriya da awa 6, tana gaban New York da awa 12 a lokacin sanyi. Wanda maigidansa ke Amurka, taron ƙarfe 9 na safe a can ƙarfe 9 na dare ne a wurinsa, kuma aikin yakan kai shi har asuba. Da yawa rana barci, dare aiki, kamar masu gadi.

Sai maganar doka, inda aka daɗe ana tafiya a duhu. Shekaru da dama yawancinsu da bizar yawon buɗe ido suke shiga, alhali ita ba ta halatta aiki ba. Hujjarsu ita ce ba su ƙwace wa ɗan ƙasa aiki ba, kuɗi ma suke shigowa da shi. Hukuma takan kau da kai. In wa'adi ya kusa cika, sai mutum ya hau mota zuwa iyakar Mae Sai ya tsallaka Miyanma ya dawo, ko ya tafi Vientiane a Laos ya sake neman biza. Tailan ta gyara wannan a Yulin 2024 da wata biza da ake kira DTV. Tana aiki shekara 5, kowace shiga mutum na iya zama kwana 180, kuma ana iya ƙara masa wasu 180. Kuɗinta bat 10,000 (bat shi ne kuɗin Tailan), amma sai ka nuna kana da bat 500,000 a banki, wajen dala 15,000, tare da shaidar cewa aikinka daga waje yake. Ba ta ba ka damar yi wa kamfanin Tailan aiki ba. Maleshiya ta riga ta da shirin DE Rantau tun 2022, inda ake son masu aikin fasaha su nuna samun dala 24,000 a shekara. Indonesiya kuwa dala 60,000 take nema a bizarta ta shekara ɗaya. Akwai kuma tarkon haraji da mutane ke mantawa: wanda ya kwana 180 a Tailan cikin shekara ɗaya ya zama mazauni a idon hukumar haraji, kuma kuɗin da ya shigo da su daga waje na iya shiga lissafi.

A nan ne ya kamata mai karatu daga namu ɓangaren ya tsaya ya duba fasfonsa. Masu bidiyon nan da ke cewa "ka sayi tikiti kawai ka taho" yawanci fasfon Amurka ko Jamus ko Ostireliya ne a aljihunsu, irin wanda ake buga wa hatimi a filin jirgi ba tare da biza ba. Ɗan Najeriya ba ya cikin wannan gata. Sai ya nemi biza tun daga gida, kuma an daɗe ana buƙatar ya haɗa da takardar tantancewa daga hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi kafin zuwa ƙasashe irin su Tailan da Maleshiya da Indonesiya. Ita Indonesiya ma ta sa Najeriya cikin ɗan gajeren jerin ƙasashen da ake yi wa bincike na musamman kafin ba da biza. Ba wai ƙofar a rufe take ba, amma mai koren fasfo ba ya shiga da sauƙin da mai shuɗin fasfo ke shiga. Bature da kwamfuta a Chiang Mai sunansa nomad. Baƙar fata mai irin aikin, da irin kwamfutar, sau da yawa sai ya fara amsa tambayoyin da ake yi wa ɗan ci-rani.

Kuma akwai wata mummunar kama da ya wajaba a rarrabe. Ana yaɗa tallace-tallace a WhatsApp da Telegram da Facebook na "aikin kwamfuta a Tailan", da albashi mai tsoka, tikiti da masauki kyauta. Mutane da dama da suka amsa irin wannan kira, ciki har da 'yan Afirka, an tarbe su a Bankok, aka wuce da su Mae Sot, aka haye da su kogin Moei zuwa yankin Myawaddy na Miyanma, aka karɓe fasfo, aka tilasta musu damfarar mutane ta intanet a cikin gidaje masu katanga da 'yan bindiga. A 2023 ofishin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta aƙalla mutum 120,000 a irin wannan hali a Miyanma, da kusan 100,000 a Kambodiya. Bambancin a bayyane yake. Makiyayin intanet da aikinsa yake tafiya, shi ya biya jirginsa, kuma mai biyansa ba ya ƙasar. Wanda aka ce ya zo aiki na jiransa, wani ne ya saye shi.

Su kuma masu masaukin, abin fuska biyu gare shi. Masu gidajen haya da masu shagon gahawa da masu ba da hayar babur sun samu kasuwa. Amma a Canggu da ke tsibirin Bali na Indonesiya gonakin shinkafa sun koma gidajen alfarma, ƙananan hanyoyin ƙauye sun cushe da babura, haya ta fi ƙarfin wanda aka haifa a wurin. A farkon 2021 hukumomin Bali suka kori wata Ba'amurkiya bayan ta yi ta tallata arhar rayuwar tsibirin da dabarun shiga a tsakiyar annoba, kuma 'yan Indonesiya ne suka fara yi mata ca a Twitter. Arhar da baƙo ke yabo, albashin ɗan gari ne da bai taka kara ya karya ba.

A Chiang Mai, watannin Fabrairu zuwa Afrilu ne ke tona asirin wane ne baƙo. Lokacin ne ake ƙona gonaki da dazuka a arewacin Tailan da Laos da Miyanma, hayaƙi ya sauko ya kwanta a kwarin da garin yake. Kamar hazon hunturu yake a ido, sai dai yana yaji a maƙogwaro, kuma akwai ranakun da garin ke hawa saman jerin biranen da suka fi gurɓatar iska a duniya. Dutsen Doi Suthep yakan ɓace gaba ɗaya. A nan ne sunan makiyayi ke dacewa sosai: sai ka ga an naɗe waya, an zura kwamfuta a jaka, an nufi tsibiran kudu irin su Koh Lanta, ko Da Nang a Biyetnam, sai ruwan sama ya wanke sararin a dawo. Kujerun kusa da soket a Nimman su zama babu kowa. Mai khao soi ta layin masallaci kuwa ta ɗaura takunkumi a hanci, ta ci gaba da juya tukunyarta.