Tace Hoton Fim

Tace hoton fim, wanda masu sana'ar ke kira editin, shi ne aikin zaɓo hotunan da aka ɗauka, a datse su, a jera su bi da bi tare da sauti har su tashi labari guda. Mai wannan aiki shi ne edita, kuma aikinsa daban yake da na hukumomin da ke tace finafinai kafin su isa ga jama'a, ko da yake kalmar ɗaya ce.

Tubalin aikin shi ne ɗauka, wato abin da kyamara ta naɗa daga kunna ta zuwa kashe ta, kuma ɗauka da dama ne ke haɗuwa su ba da fitowa guda. Fim ɗin silima yana gudu da hoto 24 a kowace daƙiƙa, saboda haka ƙara hoto biyu ko rage uku a bakin gaɓa, wato inda ɗauka biyu suka haɗu, kan sa kallon da ɗan wasa ya yi ya zama na tausayi ko na tuhuma. Hanyar da aka fi bi wajen haɗa ɗauka biyu ita ce yanka kai tsaye. Akwai narkewa, inda hoto ke shigewa cikin na gabansa don nuna wucewar lokaci, da dusashewa, inda allo ke yin baƙi sannu a hankali.

Muhimmancin jeri ya fito fili a gwajin Lev Kuleshov, mai shirya finafinai na Tarayyar Sobiyet, wanda ya haɗa fuskar ɗan wasa guda, ba tare da ta sauya ba, da kwanon miya, sannan da akwatin gawa, sannan da wata mace a kishingiɗe. An ruwaito cewa masu kallo sun ga yunwa a farko, baƙin ciki a na biyu, sha'awa a na uku. A nan ne darajar sana'ar take, domin edita na iya samar da ma'anar da kyamara ba ta ɗauka ba.

Idan mutum biyu suna zance, ana kiyaye ƙa'idar digiri 180, wato kyamara ta tsaya a ɓangare ɗaya na layin da ke tsakaninsu, don kada wanda ke dama ya koma hagu, mai kallo ya rikice. Sau da yawa kuma akan shigo da muryar fitowa ta gaba kafin hotonta ya bayyana, domin a ɓoye gaɓar.

A da, da almakashi da gam ake yanka zaren fim ana liƙawa. Na'urar Moviola, wadda edita ke kallon hoton a cikinta yayin da yake yankawa, ta shiga aikin a 1924, sannan manhajar Avid ta fito a 1989, wadda ta ba edita damar sauya jeri a kwamfuta sau nawa ya ga dama ba tare da ya taɓa asalin hoton ba.